Ɗalibina ya rasa ƙwan maraina bayan an ce sanyi ne: yaya ake duba matashi mai ciwon mara?

Tambaya: Assalamu alaikum, Matron. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata uku da kammala makaranta, kuma ni kaɗai nake riƙe da ɗakin shan magani na wata sakandaren kwana mai maza da mata a Jihar Jigawa. A zangon da ya wuce wani yaro ɗan shekara 14 ya zo mini da asuba yana dafe da mara, ya yi amai sau biyu, jikinsa babu zafi. Ya ce mini cikinsa ne ke ciwo, na ba shi maganin ciwo da na amai, na ce ya je ya kwanta. Da yamma yayansa ya zo ya ɗauke shi, suka je kemis, aka ce sanyi ne, aka fara masa allurai. Sai a kwana na uku aka kai shi babban asibiti, inda aka cire masa ƙwan maraina ɗaya. Tun daga ranar ban yi barcin kirki ba. A ina na yi kuskure, kuma yaya ya kamata in riƙa duba matashi idan ya zo da irin wannan kuka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Sista. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma ba zan yi miki daɗin baki ba. An yi kuskure, kuskuren kuwa shi ne yaro ya zo da ciwon mara da amai ya tafi ba a duba marainansa ba. Bisa bayaninki, abin da ya same shi murɗewar maraina ce, wato ƙwan ya juya ya shaƙe jijiyar da ke kai masa jini. Sai dai na sha ganin wannan sakaci a hannun waɗanda suka ninka ki shekaru a aiki, kuma mafi yawansu ba su taɓa zama sun tambayi kansu abin da kika tambaya ba. Idan za ki ga yaron, ki kwantar masa da hankali cewa ƙwan da ya rage yakan wadatar wajen balaga da haihuwa, ki kuma bincika ko an ɗinke ƙwan a mazauninsa a lokacin tiyatar don kada shi ma ya murɗe, domin matsalar halittar da ta bari na farko ya murɗe yawanci tana nan a ɗaya ɓangaren.

Murɗewar maraina ta fi yawa tsakanin shekara 12 zuwa 18, kuma tana yawan tasowa cikin dare ko da asuba, kamar yadda ta zo wa ɗalibinki. Idan aka shiga tiyata cikin awa shida na farko, galibi ana ceto ƙwan. Bayan awa goma sha biyu damar ta ragu zuwa kusan rabi, bayan awa ashirin da huɗu kuwa da wuya a same shi da rai. Abin da ya kamata ya tayar miki da hankali shi ne ciwon da ya fara farat ɗaya tare da tashin zuciya ko amai, sannan idan kin duba ki tarar ƙwan ya yi tauri, ya kumbura, ya haye sama fiye da ɗan'uwansa ko ya kwanta a gicciye, kuma idan kin shafa cikin cinyar ɓangaren bai ɗaga ba. Rashin zazzaɓi da rashin zafin fitsari suna ƙara nuni gare ta. Da zarar kin yi zarginta, ki hana shi ci da sha, ki ba shi maganin ciwo, ki rubuta lokacin da ciwon ya fara a takardar turawa, ki sa shi a mota zuwa asibitin da ake tiyata. Kada ki tsaya neman hoton sikanin a hanya, domin likitan tiyata ya gwammace ya buɗe ya tarar ba ita ba ce a kan ya buɗe ya tarar da ƙwan ya yi baƙi.

Yaro ɗan shekara 14 ba zai dubi mace ya ce marainansa ke ciwo ba, sai ya ce ciki, kuma bai yi ƙarya gaba ɗaya ba tunda ciwon yana hawa har mara. Saboda haka ƙa'idata a wurin aiki ita ce duk namijin da ya zo da ciwon mara sai an tambaye shi kai tsaye game da marainansa, kuma sai an duba. Ki fitar da abokan da suka rako shi, ki ja labule, ki kira wani baligi namiji da yaron ya yarda da shi ya tsaya a matsayin shaida, ki faɗa masa abin da za ki duba da dalilinsa, ki nemi izininsa. Idan ya ƙi, kada ki tilasta masa, kuma kada ki sallame shi, sai ki tura shi inda namiji zai duba shi a ranar.

Sauran duban kin san shi, tunatarwa kawai zan yi. Matashi a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne ɗan shekara 10 zuwa 19, kuma duk zuwansa dama ce ta auna tsawo da nauyi a kan jadawalin shekarunsa, da hawan jini da madaurin da ya dace da damtsensa, da duba fatar ido da tafin hannu. Ma'aunin yawan jini, wato himoglobin, ƙasa da 12 ƙarancin jini ne ga ɗan shekara 12 zuwa 14 da kuma 'yan mata masu 15 zuwa sama, ga samari masu 15 zuwa sama kuwa iyakar 13 ce. Yarinyar da ta kai 13 ba alamar ƙirgar dangi, ko ta kai 15 ba ta fara al'ada ba, da yaron da ya kai 14 marainansa ba su fara girma ba, duk suna bukatar likita, tare da tuna cewa masu sikila sukan yi jinkirin balaga. Tambayoyin tsarin HEADSS, wato gida, karatu, harkokin yau da kullum, shaye-shaye, jima'i, da damuwa har zuwa tunanin kashe kai, ki yi su ba a gaban iyaye ko malami ba, ki fara da masu sauƙi, ki kuma faɗa masa tun farko cewa za ki riƙe sirrinsa sai fa idan rayuwarsa ko ta wani na cikin haɗari, ko ana cutar da shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai a wasiƙarki shi ne kalmar da mai kemis ya furta. Kin rasa awanni goma sha biyu na farko, amma kalmar sanyi ce ta cinye kwana biyun da suka biyo baya, domin da zarar an faɗe ta hankalin kowa ya kwanta, an samu suna, an samu allura, sai a jira ta yi aiki. A duk karatun da muka yi, ni da ke, babu wata cuta guda da ake kira sanyi. Buhu ne da jama'a suke zuba duk wani ciwo da ke tsakanin cibiya da gwiwa a cikinsa, saboda kunya ta hana a kira kowane da sunansa. Ban ga laifin uwar da ta ce 'yarta na da sanyi ba, abin da ta ji ana faɗa ke nan. Wanda nake ganin laifinsa shi ne ma'aikacin lafiyar da zai karɓi kalmar daga bakinta ya rubuta magani a kanta bai taɓa jikin yarinyar ba, da mai kemis ɗin da bai taɓa shiga ajin koyon jinya ba amma yana da allurar sanyi ta kwana biyar a shirye, da masu motar lasifika a tasha da ranar kasuwa waɗanda suke lissafa ciwon baya, da kasala, da mafarki, da ƙaiƙayi, da rashin haihuwa, su ce duk sanyi ne, maganinsa kuma yana cikin jarka ɗaya.

Ki duba abin da ke cikin buhun nan a ɓangaren 'yan mata. Mafi yawan waɗanda ake kawo mini da sunan sanyi lafiyarsu ƙalau. Farin ruwa marar wari, marar ƙaiƙayi, yakan fara fitowa wata shida zuwa shekara kafin al'adar farko, ya ci gaba yana ƙaruwa yana raguwa da zagayowar wata, kuma alama ce ta jiki yana aikinsa. Sai a ce wa yarinya ta kwaso shi a masai, a ɗura mata maganin kashe ƙwayoyin cuta kala uku, a sa ta zama cikin ruwan bagaruwa, ko tsarki da Dettol, ko matsa wani abu da ba a san haɗinsa ba. Waɗannan su ne suke kashe ƙwayoyin da ke tsare gaban mace, sai ƙaiƙayi na gaske ya biyo baya, sai a ce ai ga shi sanyin ya yi ƙarfi, a ƙaro magani. Masai mai ƙazanta abin ƙyama ne, kuma yana sa 'yan mata su riƙe fitsari su ƙi shan ruwa, wanda hakan kan taimaka wa ciwon mafitsara, amma cututtukan da ake ɗauka ta saduwa ba a tsugunno ake kwasarsu ba. Wannan ƙaryar tana da wata illa da ba a cika lura da ita ba: yarinyar da wani babba yake lalata da ita, idan ta zo da ruwa mai wari da ciwon mara, sai a ce masai ne, a rufe maganar, ta koma hannun wanda ya cuce ta.

A cikin buhun akwai tsargiya, kuma ke da kike aiki a jihar da ake noman rani a kwarin Haɗeja bai kamata ki manta da ita ba. Yaron da ke ganin jini a ƙarshen fitsari ki tambaye shi wanka a rafi ko aiki a gonar shinkafa lokacin hutu, ki tsoma tsinken gwaji a fitsarinsa. Maganinta firazikwantel ne, miligiram 40 a kan kowane kilo na nauyinsa, kuma duk allurar kemis ba za ta taɓa tsutsar ba. A jikin 'yan mata takan taɓa al'aura da bakin mahaifa ta kawo ruwa, da ɗigon jini, da ciwon mara, har a yi wa yarinyar da ba ta san komai ba mummunan zato. Akwai afendis, wanda maganin ciwo da allura suke lulluɓe shi har ya fashe. Akwai ƙaba da ta maƙale. Akwai kumburin maraina bayan hangum. Akwai ciki a wajen mahaifa, kuma duk yarinyar da ta fara al'ada ta zo da ciwon mara mai tsanani, musamman da jiri ko suma, sai an tambayi ranar al'adarta ta ƙarshe a keɓe, an yi gwajin ciki da saninta, ko 'yar gidan waye. Na san nauyin wannan a garuruwanmu, amma na taɓa tsayawa a kan yarinyar da jini ya cika mata ciki saboda kowa ya ji kunyar tambaya.

Su kansu alluran ba ruwan sha ba ne. Jentamaisin da ake yi wa yara barkatai ba tare da an auna nauyi ba tana iya lalata ƙoda da ji, kuma ji idan ya tafi ta wannan hanya yawanci ba ya dawowa. Seftiriyazon da muke dogaro da ita ranar sanƙarau ana ƙarar da ƙarfinta a kan farin ruwan da ba ciwo ba. Idan da gaske cutar saduwa ce, akwai jadawalin magani na hukuma da kika koya, akwai gwajin cuta mai karya garkuwar jiki, akwai maganar wanda aka ɗauka a wurinsa, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake yi a bayan kantar kemis. Don haka ina roƙonki, kada kalmar sanyi ta sake shiga rajistarki. Idan ɗalibi ya faɗe ta, ki ce ya nuna miki wurin da yatsa, ya faɗi yaushe ya fara, me yake fita, wane launi, akwai wari ko babu.

Saura abin da ba ki ambata ba amma na san yana nan, wato dokar fita. A makarantun kwana da yawa ba a fitar da ɗalibi sai shugaban makaranta ya sa hannu, shi kuma yana taro a hedikwata, ko sai an samu uba a waya, ko motar makaranta ba mai. Na ga yaro ya kwana yana murƙususu saboda mai riƙe da makullin ofis ya tafi gida. Takardar izini ba ta san awa shida ba. Tun kafin a dawo hutu ki zauna da shugaban makaranta ki nemi a rubuce cewa a larurar gaggawa ke ce mai yanke hukuncin fita, a sanar da iyaye ana kan hanya. Ki sa a ƙara layin amincewa da hakan a fom ɗin da iyaye ke cikewa a farkon shekara, a ware kuɗin mai da ba a taɓawa, ki kuma san asibitin da ke kusa da ku wanda yake da likitan tiyata da dare, ki riƙe lambar wayar ɗakin gaggawarsu. Idan aka ce miki sai an kai maganar gaba, ki rubuta buƙatar da kwanan wata ki ajiye kwafi.

Sannan ki nemi minti goma a taron ɗalibai maza, ki tafi da malamin Islamiyya ko wani malami da suke girmamawa, a faɗa musu da Hausa ƙarara cewa duk wanda ya ji ciwo farat ɗaya a marainansa, ko da ƙarfe biyun dare ne, ya tashi shugaban ɗaki su buga miki ƙofa, kuma ba wanda zai yi masa dariya ko ya tambaye shi abin da ya aikata. Masu sikila a cikinsu ki ƙara musu da cewa miƙewar gaba mai ciwo da ta ƙi kwanciya ita ma ta asibiti ce, kada ta kai awa huɗu suna ɓoyewa. 'Yan mata kuma ki zauna da su daban, aji aji, ki fara da bayanin farin ruwa kafin mai jarka ya riga ki.