Amsa ga mai tambayar hutu a tuddan inabi na Italiya

Assalamu alaikum 'yan gida, ina wuninku. Wannan saƙon muryar don ƙanwata ta Jamus na yi shi, amma duk mai sha'awa ya saurara. Ƙanwata na ji saƙonki, kin ce maigida ya ga hotunan tuddan inabi na Italiya yana so ku zo da yara a hutun makaranta na Oktoba, ke kuma hankalinki bai kwanta ba saboda an ce miki yankin masu giya ne. To bari in yi miki bayani a tsanake, ki yi haƙuri muryar za ta ɗan yi tsawo.

Ni shawarata ku zo. Kuma idan za ku zo, ku zo nan wajenmu, jihar Piyamonte, yankin da ake kira Lange. Idan za ki nema a waya ki rubuta Langhe, da h. Babban garinsa Alba, kudu da Turin, jirgin ƙasa awa ɗaya da 'yan mintuna ne. Gaskiya ne inabin nan giya ake yi da shi, ba zan ɓoye miki ba, Barolo da Barbaresko da kike ji sunayen ƙauyuka ne kuma sunayen giyarsu ne. Amma giyar tana cikin rumbunansu na ƙarƙashin ƙasa, kantina suke cewa, sai wanda ya ɗauki ƙafa ya shiga ya biya kuɗi. Mu ba ma shiga. Abin da ke waje ƙasar Allah ce, tudu bayan tudu, kuma babu wanda zai tare ki a hanya ya miƙo miki kofi.

Wallahi wurin nan yana da kyau. Layukan inabi sun bi jikin kowane tudu a tsare kamar kan da aka yi wa sabon kitso, a ƙoƙolin tudun kuma ƙauye da hasumiyarsa. A Oktoba ganyen yana juyawa ja da ruwan ɗorawa. Ki idar da sallar asuba ki fito idan gari ya fara haske, za ki tarar hazo ya cika kwari fal, ƙauyukan ne kawai suka leƙo ta sama. Ranar da sama ta washe kuma, can yamma za ki hango duwatsun Alps da ƙanƙara a kansu, da wani mai tsini da ya fi sauran fitowa, Monbiso, tsawonsa mita 3,841, daga gindinsa kogin Po yake tasowa. Tun 2014 UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya, kuma saboda wannan aikin hannun manoma a jikin tuddai ne aka sa shi.

Yanzu ga abin da nake so ki riƙe. Kada ku ce za ku haɗa Rum da Benis da nan a mako ɗaya, a mota hutun zai ƙare. Ku kama wuri ɗaya ku zauna. Akwai gidajen manoma da ke karɓar baƙi, agiriturismo ake ce musu, ki nemi wanda yake da kicin a ciki. Wannan kicin ɗin shi ne rufin asirinki, zan dawo kansa. Ku kama tun yanzu, don Oktoba ne lokacin da baƙi suka fi yawa kuma kuɗin ɗaki yana tashi.

Ƙauyen da za ku fara da shi La Morra. Yana can sama, kusan mita 500, akwai fili a bakin gari inda ake tsayawa a ga ƙauyukan duka a shimfiɗe. Daga nan akwai hanyar ƙafa da ke gangarawa ta tsakiyar gonaki har Barolo, da alamomi a jikin itace, ba za ku ɓata ba. Gangara ce, yara za su iya, sai dai dawowa ce mai wuya, don haka maigida ya san yadda zai yi da mota. Ku sa takalmi mai rufi, ƙasar wurin yumɓu ce fara, in an yi ruwa takan manne a ƙafa har ki ji nauyi. Sannan ki ja wa yara kunne kada su tsinki inabi. Ba shinge, hannu yana kaiwa, amma dukiyar mutane ce, kuma daidai lokacin ne ake girbin nebbiyolo, wanda shi ne inabinsu mafi daraja, yana kaiwa Oktoba kafin ya nuna. In suna so, ranar Asabar kasuwar Alba take ci, ki saya musu na ci.

A kusa da La Morra akwai wata bishiyar al'ul ta Lebanon ita kaɗai a kan tudu, tun 1856 aka dasa ta, daga nesa ake ganinta. Akwai kuma manyan bencina masu launi da aka kakkafa a kan tuddai, girmansu ya sa babba ma sai ya taka wani abu kafin ya hau. Yara suna son su sosai, kuma kyauta ne.

Gidajen sarauta na da can suna da yawa, biyu sun ishe ku. Na Serralunga dogo ne siriri, ginin ƙarni na 14, don tsaro aka yi shi. Na Girinzane Kabur kuwa shi ne inda Kabur ya zauna, mutumin da ya zama firaministan farko na haɗaɗɗiyar Italiya a 1861. Kafin nan ya yi shekara 17 yana shugaban wannan ɗan ƙauyen, yana gyara harkar noma. Akwai gidan tarihi a ciki da kayan aikin manoma da na kicin na mutanen da. A ƙasa akwai shagon giya, ki wuce abinki ki hau sama. A Barbaresko kuma akwai hasumiya mai lif, daga samanta kogin Tanaro yana ƙarƙashinki.

Af, kafin in manta, in kun samu Lahadin farko ta Oktoba a Alba, ranar ake tseren jakuna. Unguwannin gari ne ke gasa, ana fitowa da kayan mutanen da, da ganguna da tutoci. Jakin wani ya ruga, na wani ya kafe ya ƙi motsi, jama'a na ta ihu. Yaranki ba za su manta da shi ba.

To yanzu abinci, nan ne nake so ki buɗe kunne, don a nan matsalar take. Mutanen nan suna sa giya a girki ba tare da sun ɗauke ta wani abu ba. Akwai naman sa da suke kira barasato, a cikin giya ake dafa shi gaba ɗaya. Shinkafarsu, risotto, yawanci ana zuba farar giya tun farkon suya. Akwai wata taliya 'yar ƙarama mai ƙunshe da nama, pilin, sau da yawa da naman alade a haɗin. Kayan zaƙi ma, bunet yawanci da barasa a ciki, zabayone kuwa da giya ake kaɗa shi. Har burodi, wani da kitsen alade ake kwaɓa shi, sunan kitsen strutto, ki duba jikin leda ko ki tambaya. Ki haddace wannan, senza maiale, senza vino, wato ba alade ba giya. Ki faɗa tun kafin ku yi oda. Ba sa jin haushi, in kin yi bayani za su nuna miki abin da ya dace.

Abin da muke ci hankali kwance shi ne tayarin, taliya ce siririya ta ƙwai, ki ce a yi miki da man shanu kawai. Akwai banya kauda, miya ce mai zafi ta tafarnuwa da ƙananan kifi da man zaitun, ana tsoma kayan lambu a ciki. Akwai cuku iri-iri. Sai nochola, ƙwayar bishiyar nan da ake yin Nutella da ita, gonakinta suna can saman tuddai inda inabi ba ya yi sosai. Ai kamfanin Ferrero a Alba aka kafa shi a 1946, Nutella ta fito a 1964, har yau masana'antar tana nan. Ba a shiga kallo, amma wasu ranaku in iska ta juyo ƙanshin cakulan yake cika gari. Ki sayi gasasshiyar nochola da kek ɗinta ki kai tsaraba.

Nama kuwa, kafin ku taho ku tsaya a Turin, kasuwar Porta Palazzo. Babbar kasuwa ce ta fili, 'yan Maroko suna da shagunan naman halal a gefenta, akwai masu kayan miyar Afirka, akwai wuraren sallah a unguwar. Ki yi cefanen kwanakinku ki zuba a jakar sanyi, shi ya sa na ce ki nemi gida mai kicin. A ƙauyuka ki riƙe darduma a mota. Kuma ki sani gidajen abinci suna rufe kicin wajen ƙarfe 2:30, ba sa buɗewa sai 7:30 na dare, yaro mai jin yunwa da la'asar ba zai jira ba.

Za ki ji ana ta maganar tartufo, don daga Oktoba zuwa farkon Disamba ake bajekolinsa a Alba. Dangin naman kaza ne amma a cikin ƙasa yake girma, ba a iya noma farin nau'insa yadda ake noma sauran abubuwa, karnuka ne ke shinshino shi da dare. Kilo ɗaya dubban yuro ne. Ana kankare shi a kan ƙwai ko taliya, da giram ake lissafi, don haka ki tambayi kuɗin kafin ya fara kankarewa. Ku shiga kasuwarsa ko don ƙanshin. Za a yi muku tallan fita farauta da mai kare, wannan ke da maigida ku duba.

Mota dole ce, bas tsakanin ƙauyuka kaɗan ne, ranar Lahadi ma kusan babu. Ki gaya wa maigida in ya ga alama mai jan da'ira an rubuta ZTL kada ya shiga, akwai kyamara, tara za ta biyo ku har Jamus bayan watanni. A ajiye mota a bakin gari a taka.

Abu ɗaya kuma da yake raina. In kuna tafiya cikin gonaki za ku ga masu yankan inabi da almakashi da kwanduna, da yawansu 'yan Afirka ne, wasu 'yan gabashin Turai. Aiki ne mai wuya a jikin gangara, kuma an sha kama 'yan kwangilar da ke danne musu haƙƙi a yankin nan. Ki yi musu sallama, ki sa yara su gaishe su. Kada ki yi mamaki in wani ya amsa miki da Hausa, akwai 'yan Nijar da 'yan Gana a aikin gona a Italiya. Kuma kada a ɗauke su hoto sai an tambaya.

Ki kawo wa yara rigunan sanyi da na ruwa, safiya tana da sanyi. Ki turo min ranakun hutun nasu ta gefe in duba ko sun dace da tseren jakunan, in kun sauka Turin kuma ni zan raka ki kasuwa. Ki gaida maigida da yaran. Sai na ji ki.