Motocin sulke masu taya na farko a Sin

Ka tambaya ko WZ551 ce motar sulke mai taya ta farko da Sin ta ƙera. A'a, malam, WZ523 ta riga ta fitowa. An nuna ta a faretin Beijing na ranar 1 ga Oktoba 1984, da taya shida, ginanniya a kan kayan babbar motar ɗaukar kaya ta Hanyang. Kafin nan sojojin Sin sun fi dogara da masu tafiya a kan sarƙa, irin Type 63.

Sai dai WZ523 ba ta samu karɓuwa sosai a gida ba, kasuwarta ta fi ci a Afirka, har da Nijar da Chadi.

WZ551 ta kamfanin ƙera makamai na Norinco, wadda ta bayyana a 1986, ita ce ta yi albarka. Injinta na kamfanin Deutz ne, mai sanyaya kansa da iska, ba ruwan lagireto balle ya tafasa, ga farfela biyu a baya don ƙetare kogi. Bayan gyare-gyare ta zama Type 92. A ganina dabarar aron kayan manyan motoci ce ta ceci motocin biyu, domin makanikin soja ya riga ya san su.