Lokacin da ka sayar ba naka ba ne

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma na ji daɗi da ka tambaya kafin ka sa hannu. Ka ce kana aikin akanta a ofis daga safe zuwa yamma, albashi ba ya kai ka ƙarshen wata, ga wani ya nemi ka riƙa duba masa lissafin kasuwancinsa da dare. Kana son sanin ko hakan cin amana ne, da kuma ko sai ka sanar da shugabanka.

Neman ƙari ba laifi ba ne, kada kowa ya sa ka ji kunyarsa. Abin dubawa shi ne me ka sayar wa masu aikinka na farko. Malaman fiƙihu sun raba ɗan ƙwadago gida biyu. Akwai wanda aka ɗauka a kan lokaci, shi suke kira ajiri na musamman. Akwai kuma wanda aka ɗauka a kan aiki, kamar tela da ke karɓar ɗinkin mutum goma, kowa ya zo ya karɓi nasa. Kai da rana na farkon ne. Sa'o'in nan an saye su, ko akwai aiki a teburinka ko babu. Ranar da ofis ya yi tsit, ka ga ai zaman banza kake yi, bari ka buɗe lissafin mutumin dare a kwamfutar ofis, to ka ci abin da ba naka ba. Haka takarda, haka injin buga takarda, haka intanet ɗinsu. Mutane na raina waɗannan don ba kuɗi ba ne a hannu, amma daga nan ɓarakar take farawa. Na sha ganin ma'aikaci a tsakiyar taro, waya na kaɗawa a aljihunsa, ya sunkuya ƙarƙashin tebur yana amsa wa mai aikinsa na waje, yana zaton ba wanda ya lura. Kowa ya lura.

Wanda ya fi wannan nauyi shi ne sirri da abokan hulɗa. Akanta yana ganin cikin gida fiye da kowa: wa ake bi bashi, nawa ake saye, nawa ake sayarwa. In mutumin nan sana'arsu ɗaya da kamfaninku, ko abokin cinikinku ne, ka ba shi haƙuri tun yanzu. Ko ba ka furta komai ba, abin da ka sani zai bi ka cikin shawarar da za ka ba shi.

Batun sanarwa kuwa, fara da ɗauko takardar ɗaukarka aiki ka karanta ta a natse. Wasu wuraren sun hana aiki na biyu kwata-kwata, wasu sun ce sai da izini a rubuce. Abin da ka sa wa hannu alƙawari ne, kuma Suratul Ma'ida da umarnin cika alƙawura ta buɗe. Ko takardar ba ta ce komai ba, ni ina ganin ka faɗa. Shugaban da ya ji daga bakinka zai iya gindaya sharaɗi ku daidaita. Wanda ya ji a bakin wani kuwa, duk makarar da ka taɓa yi sai ya tuno ta.

Saura jikinka, kuma a nan na fi jin tsoro. Tun 1919 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsayar da awa 8 a rana, 48 a mako, ga ma'aikatan masana'antu. A 2021 ita da Hukumar Lafiya ta Duniya suka fitar da bincike cewa mai aikin awa 55 ko fiye a mako haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya ƙaru masa da kashi 35 cikin 100, in an kwatanta da mai yin awa 35 zuwa 40. Lissafa naka: awa 40 na ofis, ka ɗora awa uku kowane dare har dare biyar, ka kai 55 ke nan, ba a ma sa zirga-zirgar hanya ba.

Ni na ɗanɗana. Ina matashi, ina magatakarda, na karɓi aikin buga takardu da dare. Wani ƙarshen wata, ido na lumshewa, na tsallake sunan wani masinja a jerin albashi. Sai da ya yi kwanaki yana zarya kafin a gyara. Bai yi min faɗa ba, ya dai tsaya bakin ƙofa riƙe da hularsa yana tambaya ko akwai labari, ga shi da iyali. Ban saci minti ɗaya na ofis ba, amma na kawo musu gajiyayyen mutum a matsayin cikakke, masinjan kuma shi ya biya kuɗin.

Don haka in an ba ka izini, kada ka ba mutumin kowane dare. Ku yanke kwana biyu ko uku a mako, ku rubuta abin da za ka yi da abin da zai biya, ka gaya masa tun farko cewa ba ka ɗaga wayarsa a lokacin ofis, kuma makon rufe lissafin wata ba ya cikin yarjejeniya. Matarka ma a yi shawara da ita, domin daren da za ka bayar akwai nata rabon a ciki.

Ka ga shugaban naka cikin makon nan, sannan ka kira ni in ji yadda kuka yi. Ka gaishe min da mutanen gidan.