Daga ina babba zai fara karatun falsafar Turawa?

Malam, ka tambaya ko wanda ya manyanta, bai kuma yi jami'a ba, zai iya bin kwas ɗin falsafar Yammacin duniya. Ƙwarai kuwa, domin ajin manya an tsara shi ne saboda irinku. Yawanci ana farawa da Girkawa: Sukurat, wanda aka yanke wa hukuncin kisa a Atina a shekarar 399 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sai ɗalibinsa Aflatun, sannan Aristo. Idan ka taɓa karanta manɗiƙ, wato ilimin ƙa'idojin kafa hujja, a zaure, ka riga ka san wani ɓangare na tunanin Aristo. Shawarata ita ce ka daɗe a nan kafin ka tsallaka zuwa Descartes da Kant, masana falsafar Turai da suka zo daga baya sosai, saboda muhawararsu kan tushen sani tana da nauyi ga wanda bai ƙware a waɗancan ba.