An saka wa 'yata yoga a makaranta: in bar ta ta shiga?

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata mai shekara 14 tana karatu a wata makarantar kuɗi, kuma a wannan zangon an saka musu yoga da wani zaman natsuwa da ake rufe ido ana lura da numfashi. Yarinya ce mai yawan fargaba idan jarrabawa ta gabato, har barci kan gagare ta, malamarsu kuma ta ce wannan zai taimaka mata. Mahaifinta ya ji an ce ibadar mabiya addinin Hindu ce, ya ce a dakata tukuna. Mene ne gaskiyar lamarin?
Wata uwa daga Kaduna

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Abin da maigidanki ya ji yana da tushe, domin yoga daga Indiya ta samo asali, kuma a wurin masu ita na farko hanya ce ta tarbiyyar ruhi wadda ta haɗa da rera kalmomin ibada da zurfafa tunani. Sai dai wadda ta bazu a duniya a ƙarnin da ya wuce, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware mata ranar 21 ga Yuni a shekarar 2014, galibinta miƙe gaɓoɓi ne da daidaita numfashi. Wasu masu koyarwa sun tsame ibadar gaba ɗaya, wasu kuwa sun bar ragowarta, kamar rera kalmar "om" da jerin motsin da ake kira gaisuwar rana.

Wannan bambancin ne malamai suka duba a ƙasashen da suka riga mu fuskantar batun. Majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga a 2008 saboda abin da ke cikinta na ibada, takwararta ta Indunusiya kuma a 2009 ta haramta mai ɗauke da rere-rere, ta bar wadda ake yi don motsa jiki zalla. Saudiyya ta amince da ita a matsayin wasan motsa jiki a 2017. Ba Musulmi kaɗai ke da wannan damuwa ba: jihar Alabama ta Amurka ta hana ta a makarantun gwamnati tun 1993, kuma da ta ɗage haramcin a 2021 sai ta gindaya sharaɗin kada a rera komai. Hukuncin addini na malaman da kuka yarda da su ne, amma kafin ku je wurinsu ki nemi izinin makarantar ki zauna a darasi guda, ki ji abin da ake faɗa da baki, ki ga ko ana haɗa maza da mata da irin suturar da ake sawa, domin da bayanin da kuka kai wa malami zai yi muku fatawa.

Maganar malamar kuwa, ina ganin ta ɗan zarce. Zaman natsuwar nan wani masani mai suna Jon Kabat-Zinn ne ya shigar da shi harkar lafiya a Jami'ar Massachusetts ta Amurka a 1979, domin manya masu fama da ciwo mai daɗewa. Da masana daga Jami'ar Oxford da wasu jami'o'i suka gwada shi a kan ɗalibai fiye da 8,000 masu shekara 11 zuwa 14 a Birtaniya, sakamakon da suka fitar a 2022 ya nuna bai fi darussan da aka saba ba wajen kare lafiyar ƙwaƙwalwarsu, kuma da yawa daga cikin yaran ba su ma yi atisayen a gida ba. Ga alama abin ya fi amfanar wanda ya zaɓa da kansa, ba wanda aka jera a aji aka ce ya rufe ido ba.

Abin da ya fi tabbata shi ne amfanin motsa jiki da na numfashi a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yara masu shekara 5 zuwa 17 su samu aƙalla minti 60 na motsa jiki kowace rana. Fitar da numfashi a hankali kuma yana sassauta bugun zuciya, kuma ba ya bukatar kowace kalma. Ki sa ta kwanta rigingine bayan sallar isha'i, ta ɗora tafin hannu a kan cibiya, ta ja iska ta hanci tana ƙirga huɗu har ta ji hannun ya ɗago, sannan ta saki tana ƙirga shida, ta maimaita na minti biyar, waya kuma tana wani ɗakin. Idan za ta shiga darasin makarantar, kada ta yarda da tsayuwa kai ƙasa ƙafafu sama ko riƙe numfashi na dogon lokaci, idan kuma tana da sikila ko asma a tuntuɓi likitanta tukuna.

Ki kuma sa ido a kan fargabar kanta. Idan rashin barcin ya ɗauki makonni ko bayan an gama jarrabawa, ko ta rage cin abinci, ko ta fara ƙin zuwa makaranta da janye jiki daga ƙawayenta, to lamarin ya wuce atisayen numfashi, sai ku kai ta asibiti. A nan Kaduna akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, inda za a iya duba ta.