Hukuncin Kamun Kifi Bayan Hukuma Ta Rufe Tabki

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni masunci ne a tabkin Madarunfa. Ma'aikatan gandun daji sukan rufe su, wato kamun kifi, na wani lokaci, su kwace raga mai ƙananan ido, su ce sai mun yanki takardar izini. Wasu cikinmu na cewa kifi na Allah ne, ba mai ikon hanawa. In na shiga da dare na kama, kifin halas ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Asalin su halas ne, Allah Ya halatta farautar ruwa a Suratul Ma'ida, aya ta 96. Sai dai shugaba yana da ikon taƙaita abin da yake halas idan maslahar jama'a ta bukata, kuma yi masa biyayya a nan wajibi ne. Shari'a ta san wannan da sunan hima. Annabi (SAW) ya keɓe makiyayar Naƙi'u, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza. A Muwaɗɗa, Umar ya umarci mai tsaron wurin, Hunayyu, ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, ya tare garken Ibn Aufu da na Ibn Affan, don su suna da gonaki da dabino da za su koma wa. Ka ga ke nan keɓewa don talaka ake yin ta. Da za a rufe muku tabki a buɗe wa wani mai kuɗi ta bayan gida, wannan zalunci ne, sai ku kai kuka wurin sarkin ruwa da hukuma.

To mu duba ko maslahar gaskiya ce. Dokar su da Nijar ta kafa a Disamba 1998, mai lamba 98-042, ta hana su lokacin rufewa, ta hana guba da nakiya da lantarki, ta hana ragar da idonta bai kai yatsa uku ba, wato santimita 6 in an ja shi. Kai da kake cikin ruwa ka fi ni sanin dalili. Macen karfasa a baki take riƙe ƙwanta har su ƙyanƙyashe; ka buɗe bakin wadda ka kama a wannan lokaci za ka gan su cunkus, kifi ɗaya a kwando, ɗaruruwa sun halaka. Tarwaɗa kuma farkon damina take hawa ciyawar da ruwa ya malale ta zuba ƙwai. Mai jan gidan sauro a bakin gaɓa yana kwashe 'ya'yan da ba su kai ɗan yatsa ba, ya shanya su a tabarma ya sayar da tiya, alhali da ya bar su wata shida da kowanne ya cika tafin hannu. Tabki ba kogin Kwara ba ne, rani na tsotse shi, abin da aka kwashe ba ya dawowa da wuri. Wannan cuta ce ga sauran masunta, hadisi kuwa ya hana cuta da cutarwa.

Saboda haka shigarka da dare saɓo ne, ka tuba ka bari. Amma naman kifin bai zama haram ba, domin laifin yana kan aikin, bai shafi kifin kansa ba. Iyalinka da suka ci ba su ci haram ba.

Kifin da aka kama da guba daban ne. Ba don ya mutu da kansa ba, mushen ruwa halas ne. Illar ita ce maganin ƙwari da aka zuba yana shiga jikin kifin, ya shiga ruwan da shanu ke sha, mata ke wanki. Zuba shi haram ne, cin kifin haram ne, sayar da shi a kasuwa ba tare da faɗa ba ya haɗa cuta da algus, kuma wanda dabbarsa ta mutu yana da haƙƙin a biya shi.

Kuɗin izini ka biya, ka karɓi takardar shaida mai hatimi, ka ajiye ta a leda cikin kwalekwale. Abin da za ka danƙa wa ma'aikaci a hannu don ya kau da kai daga ragarka rashawa ce, an la'anci mai bayarwa da mai karɓa. Wannan hukunci shi ne na maharbin da ya shiga gandun Gadabeji a Dakoro, inda aka kai raƙuman dawa daga Kure a 2018.

Wallahu a'alam.