Refuse da reject ba ɗaya ba ne

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kin tambaya ko refuse da reject ma'anarsu ɗaya, tunda duka an fassara miki su da "ƙi". A Hausa kalma ɗaya ta ɗauke su, amma Bature ya raba musu aiki.

Na daɗe ina duba insha'in 'yan aji shida na sakandare, kuma kuskuren da ya fi shan jan birona shi ne "He rejected to come." Ba a faɗin haka. Reject suna take so a gabanta: reject an offer, reject a plan. In wani aiki ne mutum ya ƙi yi, refuse za ki ɗauko: "He refused to come." Har abin da ba shi da rai ana yi masa ita. Yadda muke cewa mota ta ƙi tashi, su ma "The car refused to start" suke cewa.

Reject ta fi zafi. Asalinta daga Latin ne, ma'anarta a jefa abu baya, wato an duba shi an ga bai cancanta ba. Shi ya sa ranar zaɓe ƙuri'un da aka dangwala ba daidai ba ake kiransu rejected votes. Likita ma da ita yake bayani idan jikin mara lafiya ya ƙi karɓar ƙodar da aka dasa masa.

Ni kaina sai da ta kusa ja mini kunya. Ina saurayi wata makaranta ta ba ni aiki, alhali na riga na samu wani, sai na rubuta musu "I reject your offer." Allah ya sa wani dattijon malaminmu ya ga takardar kafin in kai. Ya dube ni ya ce, "Yaro, me suka yi maka?" Ya soke ta ya sa decline. Ita ce ƙi cikin ladabi, ta gayyatar biki ko tayin aiki, kuma ita ce kike gani a takardar POS in kuɗi bai fita ba.

Deny kuwa musantawa ce: "He denied stealing the goat." Kada ki ce "He denied to come."

Sai ki kula da rubutun jikin katanga, "Do not dump refuse here." Wannan refuse ɗin shara ce, rubutu ɗaya amma furuci daban, a gaɓar farko ake nauyaya ta.